Jerry Nelson da Sana'ar Ƙera Madubin Taurari

Ilmin falaki tun asalinsa bai taɓa rabuwa da mutane iri biyu ba, watau malamin da ke duban sama yana hisabi, da gwanin da ke ƙera masa alar da zai yi duban da ita. Amma sunan na farkon ne ya fi shiga littattafai, alhali kuwa iyakar saninsa tana nan daidai inda hikimar na biyun ta tsaya. Sa'ad da Ulugh Beg ya gina gidan duban taurari a Samarƙand cikin shekarun 1420, ya sa aka yi alar awo wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta ya kai kamar mita 40, domin gwargwadon girman ala gwargwadon daidaituwar awo. Wannan ƙa'ida ba ta sake ba bayan zuwan madubin hangen nesa, gama faɗin madubi shi ke ƙayyade yawan hasken da zai tara.

Sai dai a tsakiyar ƙarni na 20 sana'ar ta cije. Madubin Hale da aka buɗe a dutsen Palomar na Amurka cikin 1948 faɗinsa mita 5 ne, nauyinsa kuwa ya haura tan 14. Kuma duk wanda ya so ya wuce wannan, tilas ya ƙara wa gilashin kauri don kada ya lanƙwashe da nauyin kansa, in ya ƙara kauri kuwa gilashin ya riƙe zafin yini ya ɓata duban dare, ga kuma ƙarfen da zai ɗauke shi yana ta ninka kuɗi. Tarayyar Sobiyet ta gwada na mita 6 a duwatsun Kafkas cikin 1975, bai kuwa biya bukata yadda aka sa rai ba.

A nan ne Jerry Nelson ya shigo, mutumin Kalifoniya da aka haifa a 1944, wanda digirinsa na dakta daga Berkeley a 1972 a kan ƙananan ƙwayoyin zarra ne, ba a kan taurari ba. Ina kuma ganin wannan baƙunta ce ta tsare shi daga taƙlidin magabata. Cikin 1977 ya kawo wa Jami'ar Kalifoniya shawarar a bar neman gilashi guda, a haɗa madubi mai faɗin mita 10 daga ƙananan madubai 36 masu kusurwa shida irin ta saƙar zuma, kowanne faɗinsa mita 1.8, kaurinsa santimita 7.5 kacal. Manyan masana da yawa suka yi shakka, kuma lalle suna da hujja, domin akwai mas'aloli biyu da babu wanda ya taɓa warware su.

Ta farko ita ce gugar gilashin. Mai guga ya iya fitar da lanƙwasa wadda take daidai ta kowane gefe, amma kowane yanki na madubin Nelson ɓangare ne na wata babbar lanƙwasa, saboda haka gefensa ɗaya ya bambanta da ɗayan. Shi da Jacob Lubliner suka yi dabarar danne gilashin da nauyi da aka lissafa tun farko, a goge shi yadda aka saba yana danne, sa'an nan a sake shi, ya miƙe da kansa zuwa siffar da ake so. Ta biyu kuwa, yaya madubai 36 za su zauna tamkar guda, alhali na'urar tana juyawa duk dare tana bin tauraro? Tare da abokin aikinsa Terry Mast ya jera ma'aunai 168 a gefunan yankunan, da ƙananan injuna 108, uku a bayan kowane yanki, kwamfuta tana karɓar awo tana gyara zamansu sau biyu a kowace daƙiƙa, da kuskuren da bai wuce 'yan nanomita ba, watau kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Aikin da dā ake ɗora wa taurin gilashi, Nelson ya ɗora shi a kan awo da hisabi marasa yankewa, kuma a nan ne, a ra'ayina, ijtihadinsa yake.

Gidauniyar Keck ta ba da dala miliyan 70 cikin 1985, aka kafa na'urar a ƙololuwar Mauna Kea ta Hawai, ta soma aikin bincike a 1993, ta biyu ta biyo baya a 1996. Da su ne Andrea Ghez ta bi zagayen taurari a tsakiyar tarin taurarinmu har ta tabbatar da baƙin rami mai girma a wurin, aka ba ta lambar Nobel a 2020. Kuma ta amfana da fasahar gyara hoton da rawar iska ke ɓatawa, wadda Nelson ya zama shugaban farko na cibiyarta a Santa Cruz cikin 1999.

Adalci ne a faɗi cewa hanyarsa ba ita kaɗai ba ce, tana kuma da aibinta, gama tsagin da ke tsakanin yankuna yana warwatsa wani ɓangare na haske, ɗaruruwan injuna kuma suna bukatar kulawa kullum. Roger Angel da Ray Wilson, waɗanda suka raba lambar Kavli da shi a 2010, sun nuna ana iya yin madubi guda marar nauyi, sai dai irin nasu ya tsaya a wajen mita 8. Duk mai neman abin da ya fi haka ya koma ga yankuna: SALT na Afirka ta Kudu da 91, da wanda Turai ke ginawa a ƙasar Chile mai mita 39 da 798. Nasa na ƙarshe, mai mita 30 da yankuna 492, ya rasu a 2017 ba a gina shi ba, saboda wasu 'yan asalin Hawai, waɗanda dutsen Mauna Kea ke da alfarma a wurinsu, sun ƙi yarda da ƙarin gini a kansa, kuma maganarsu ta cancanci a saurare ta.