Sunan Wa Ke Kan Littafi? Tsokaci a Kan Haƙƙin Abokin Aiki a Wallafar Littattafan Ilimi

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko batun ladubban wallafa, abin da ya fi saurin zuwa a ran manazarta shi ne satar fasaha, wato mutum ya kwashi rubutun wani ya ce nasa ne. Sai dai akwai wata matsala da ba a cika tattauna ta ba, alhali kuwa ta daɗe a fagen nazarin harsunan Nijeriya. Ita ce ta mutumin da ya sha wahalar littafi, amma aka nemi sunansa a bango aka rasa. Wannan maƙala za ta dubi littattafai huɗu na farko-farkon nazarin Hausa domin ganin yadda aka yi da 'yan ƙasa da suka yi aikinsu. Daga nan za ta nuna cewa nauyin kare wannan haƙƙi ya hau kan marubuci, ya hau kan maɗaba'a, ya kuma hau kan masanin da aka ba littafi ya tantance kafin a buga.

2.0 Misalai Daga Tarihin Nazarin Hausa

Misali na farko shi ne Magana Hausa na J.F. Schön, wanda aka buga a 1885. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausar da ke cikin littafin daga bakin Dorugu ta fito, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya samu 'yanci, ya bi Heinrich Barth har zuwa Ingila a 1855. Tarihin rayuwarsa da labaran tafiye-tafiyensa su ne ƙashin bayan littafin. An ambaci Dorugu a ciki, amma sunan Schön ne ke bango, kuma shi manazarta ke kafa hujja da shi. Sai a 1971, lokacin da Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin cikin Turanci, aka gabatar da Dorugu a matsayin mai tarihin kansa.

Na biyu shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913. Malamai ne suka rubuta yawancin abin da ke ciki da ajami, Edgar ya juya shi zuwa boko. Aikin juyawa da tsarawa aiki ne babba, ba a raina shi. Amma salon da masu tarke ke yabawa a waɗannan labarai na malaman ne, kuma har yau da sunan Edgar ake kiran su.

Na uku ya sha bamban. R.S. Rattray, wanda ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya buga tarin tatsuniyoyi da al'adu a 1913. Ya bayyana cewa Malam Shaihu ne ya rubuta su, ya kuma sa aka buga rubutun malamin na ajami kusa da boko da fassara. Ta haka mai karatu na iya rarrabe aikin malami da na Bature, ya kuma duba ko an juya daidai. Wannan ya nuna cewa ko a wancan zamani ana iya yin adalci in an so.

Na huɗu shi ne ya fi jan hankali. Ƙamusun Hausa da aka buga a Landan a 1949 na ɗauke da sunaye biyu, R.C. Abraham da Malam Mai Kano. Da Maɗaba'ar Jami'ar Landan ta fitar da bugu na biyu a 1962, sai sunan Abraham kaɗai ya rage. Bugun 1962 shi ne ya fi yaɗuwa a ɗakunan karatu, saboda haka ɗalibai da yawa sun gama digiri ba su taɓa jin sunan Malam Mai Kano ba. A nan an riga an amince da haƙƙin mutum a rubuce, daga baya haƙƙin ya ɓace tsakanin bugu da bugu.

3.0 Nauyin Maɗaba'a da Na Mai Tantancewa

Shafin farko na littafi ta hannun marubuci da na maɗaba'a yake bi, don haka babu ɗayansu da zai wanke hannu daga abin da ke kansa. Maɗaba'ar da ta karɓi littafin da aka taɓa bugawa tana da tsohon bugu a gabanta. In suna ya faɗi, wajibinta ne ta tambayi dalili, ta kuma sanar da mai karatu a gabatarwa.

Shi kuwa mai tantancewa, abin da aka saba nema daga gare shi shi ne ya duba ingancin hujja da tsari da harshe. Ba kasafai ake sa shi ya tambayi inda misalai suka fito ba. A nazarin harshe wannan giɓi ne babba, domin maganar ɗan harshe ita ce hujjar kanta. Wanda ya ce wannan jimla ta karɓu, waccan ba ta karɓu ba, ko ya rarrabe ma'anar kalmomi biyu da karin sauti kaɗai ya bambanta su, ya shiga cikin nazarin. Idan aka ɓoye ko shi wane ne, ba za a san karin harshen da littafin ke wakilta ba, ko Kananci ne ko Sakkwatanci ko Katsinanci. Ke nan tauye haƙƙin mutum ya zama tauye ingancin ilimi.

Hukumomin duniya sun yi ƙoƙari a wannan fanni. An kafa kwamitin ladubban wallafa da ake kira COPE a Ingila a 1997. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya kuma ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga wanda za a kira marubuci: ya ba da gudummawa mai tsoka a aikin, ya shiga rubutawa ko gyarawa, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. Amfanin waɗannan sharuɗɗa a bayyane yake, amma in aka ɗauke su a gurguje za su bar irin su Dorugu a waje, tun da ba a ba shi damar duba rubutun ba balle amincewa da shi. Shi ya sa kwamitin ya ƙara da cewa duk wanda ya cika sharaɗi na farko a ba shi damar cika sauran.

Ba sai mun je nesa ba ma. Malamanmu na zaure sun san ijaza da silsila tun da daɗewa, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin lissafa malaman da ya ɗauki ilimi daga gare su. Ambaton wanda aka karɓa daga gare shi al'adarmu ce kafin zuwan boko.

4.0 Halin da Ake Ciki a Jami'o'inmu

Zai zama son kai mu tuhumi Turawan da suka shuɗe mu manta da kanmu. Tun da ƙarin girma a jami'a ya dogara ga yawan abin da malami ya wallafa, matsalar ta fito da fuska biyu. Ta farko, ɗalibi ya shiga ƙauyuka ya naɗo waƙoƙi ko hirarraki, ya rubuta su, littafi ya fito da sunan malaminsa, shi kuma a sallame shi da layi ɗaya na godiya. Mawaƙin da aka naɗa kuwa sau da yawa ba ya ko sanin an buga shi. Ta biyu, a liƙa sunan wanda bai yi komai ba saboda girma ko abota. Duka biyun ƙarya ce game da wanda ya yi aiki. Sun fi samun gindin zama a littattafan da marubuci ya kai wurin buga takardu da kuɗinsa, da wasu littattafan karramawa da ake haɗawa cikin gaggawa don ranar ƙaddamarwa, inda babu wani baƙon ido da ya karanta su.

Wannan ba kira ba ne a sa sunan duk wanda aka yi wa tambaya a bango. Gudummawa hawa-hawa ce. Abin nema shi ne a faɗi matsayin kowa yadda yake.

5.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawara uku. Na ɗaya, kowace maɗaba'ar jami'a ta nemi marubuci ya rubuta wanda ya tattara, da wanda ya naɗa, da wanda ya juya ko ya fassara, da garin kowanne, muddin sun yarda a ambace su. Na biyu, takardar da ake aika wa mai tantancewa ta ƙunshi tambaya a kan asalin misalai, kuma a ba shi ikon ƙin amincewa da littafi kan wannan dalili kaɗai. Na uku, kada a cire ko a ƙara suna a sabon bugu sai da bayani a rubuce. Mu kuma manazarta, kafin maɗaba'u su motsa, muna iya farawa da abin da ke hannunmu: duk wanda ya yi amfani da bugun 1949 na wancan ƙamus ya rubuta Abraham da Mai Kano, wanda kuma ya yi amfani da na 1962 ya sanar da ɗalibansa cewa an bar suna ɗaya a baya.