In Da So Da Ƙauna: Rijiyar Sumayya a idon babba

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a zamanin ƙuruciya, ina ba ka shawara ka sake ɗauko shi. Littafin ya fito a Kano tun farkon shekarun 1990, aka mayar da shi fim a 1994, amma har lokacin da muka taso a nan Maruda yana yawo hannu da hannu, bango a yage.

Da muna 'yan shekara 15, abin da ya dame mu ɗaya ne: shin Sumayya, 'yar masu hali, za ta auri Muhammad talaka, ko kuwa Abdulƙadir mai kuɗi zai ƙwace ta? Yanzu kuwa da na sake bin sa, sai na ga ƙarfin labarin yana wajen kakar Sumayya. Abdulƙadir bai shawo kan yarinya ba, sai ya bi ta hannun tsohuwa da abin duniya, ita kuma ta matsa wa iyaye. Wane ɗa ne zai ja da mahaifiyarsa? A nan Malam Ado ya nuna gwaninta, domin ya gano cewa auren dole sau da yawa ba daga mugun uba yake fitowa ba, daga biyayya da kunya da kwaɗayi yake tasowa. Wannan har gobe ana ganin sa daga Gwandu zuwa Kalgo.

To, amma ga inda nake da ja. Da aka ƙure Sumayya, sai ta faɗa rijiya. Ta tsira, kuma daga ƙarshe ta samu wanda take so. Yaro zai yi tafi, amma babba dole gabansa ya faɗi, don kuwa labarin ya sa yunƙurin kashe kai ya biya buƙata. Ka kwatanta da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Ita ma Abu an yi mata auren dole da Sarkin Noma, amma ta gudu ta nemi ilimi, ta tsaya da ƙafarta. Matsala ɗaya, mafita biyu.

Ba na goyon bayan masu ƙona littattafan soyayya, kamar yadda aka yi a Kano a 2007. Wuta ba ta amsa tambayar da littafi ya yi. In ƙanwarka ta ɗauko shi, bar ta ta karanta, sannan ka zauna ka tambaye ta: in ke ce Sumayya, wace ƙofa za ki buga kafin ki tuna da rijiya?