Tsofaffin Manoman Mai Wurno

Iyayensu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawa da niyyar Makka, suka yada zango a Mai Wurno, kusa da Sinnar, a bakin kogin Nilu. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, audugar yankin Jazira ta nemi masu tsinka, su kuwa ba ragwaye ba ne. Sau da yawa gonar ta wani ce, gumin nasu.

Dattijo cikinsu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, sai ya sallaci asuba a jam'i kafin ya saɓa fartanya. Ya noma dawa, ya aurar da 'ya'ya, ya kai jikoki makarantar allo, bai bar Hausa ta ɓace a gidansa ba, ko da Larabci ya cinye kasuwa.