Auren Tatsuniya da Kacici-kacici: Tarken Littafin Stuart Turton na Farko

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake hirar dare ya san bambancin tatsuniya da kacici-kacici tun kafin malami ya koya masa sunayensu a aji. A tatsuniya mai sauraro ba ya neman dalili. Idan aka ce Gizo ya shiga cikin saniya ya yanko kitse ya fito, ba mai tambayar ta inda ya sha iska. Kacici-kacici kuwa ba ya lamuntar haka, domin idan masu sauraro suka gaza har suka ba da gari, wajibi ne amsar da za a faɗa musu ta zauna daram a kan tambayar, in ba haka ba yara su ce an yi musu maguɗi. Marubucin da ya ɗauko labarin binciken kisan kai ya dasa shi a duniyar sihiri da tsoro, to ya ɗaura wa waɗannan biyu aure ne, kuma shi zai zauna da rigimarsu. Wannan maƙala za ta dubi yadda wani sabon marubuci ɗan Ingila, Stuart Turton, ya sha fama da wannan rigima a littafinsa na farko, The Seven Deaths of Evelyn Hardcastle, wanda aka buga a Landan a 2018, da inda ya yi nasara da kuma inda igiyar auren ta yi rauni.

Matsalar tsohuwa ce. A 1929 Ronald Knox, wani limamin coci kuma marubucin labaran bincike, ya tsara wa masu wannan fanni dokoki goma, ta biyunsu ta hana a shigo da ikon gaibu cikin warware sirrin kisa. Hujjarsa a fili take: in dai aljani na iya ratsa bango, to kulle ƙofa ba shi da sauran amfani a labari, kuma duk alamun da aka watsa wa mai karatu sun zama shirme.

Yadda aka haifi littafin

An haifi Turton a garin Widnes a 1980, ya karanta Ingilishi da falsafa a Jami'ar Liverpool, ya koyar da Ingilishi a Shanghai, ya yi aikin jarida a Landan, sannan ya zama marubucin labaran tafiye-tafiye a Dubai. Kamar yadda ya sha bayyanawa a hirarrakinsa, tun yana yaro wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta riƙa kawo masa tsofaffin littattafan Agatha Christie, kuma a farkon shekarunsa na ashirin ya gwada rubuta irinsu, abin ya ƙi. Dalilin da ya bayar shi ne Christie ta riga ta cinye dabarun fannin, ba ta bar wa na baya komai ba sai kwaikwayo. Ya ajiye burin kimanin shekara goma, har sai da tunani ya zo masa na haɗa gidan Christie da dabaru biyu da ya gani a majigi da talabijin: rana ɗaya da ke maimaita kanta, kamar a fim ɗin Groundhog Day na 1993, da ruhin da ke sauya gangar jiki, kamar a wasan Quantum Leap. Daga nan ya bar Dubai ya koma Ingila, ya shafe kimanin shekara uku a kan aikin.

Abin da ya fi jan hankalin manazarci a wannan tarihi shi ne abin da ya yi kafin ya soma rubutun. Sai da ya zana taswirar gidan, ya kuma tsara jadawali a kwamfuta mai nuna inda kowane tauraro yake da abin da yake yi a kowane minti biyu na wannan rana. Ya kuma faɗi cewa akwai lokacin da wata dabara ta burge shi ya kauce wa jadawalin, sai daga baya ya tarar ta rushe lissafin gaba ɗaya, dole ya zubar da aikin watanni ya koma baya. Galibi sabon marubuci kan ɗauka cewa sihiri hutu ne, wato ƙofar gudu ce idan labari ya cije. Turton ya gano akasin haka da guminsa, domin kowace baiwa da ya ba tauraronsa sai da ta jawo masa sabon bashi na lissafi.

Zubi da tsari

Labarin ya buɗe da wani mutum a tsakiyar daji da sassafe, yana kiran sunan wata mace, Anna, alhali bai san ko shi wane ne ba. Ya isa wani tsohon katafaren gida mai suna Blackheath, inda iyalin Hardcastle suka tara baƙi don walima a ranar da ɗansu Thomas ya cika shekara 19 da kisa. Wani mai sanye da shigar likitocin annoba na Turai ta dā, wato baƙar riga da abin rufe fuska mai dogon baki kamar na tsuntsu, ya shaida masa sharuɗɗan zamansa. Sunansa Aiden Bishop. Da ƙarfe 11 na dare Evelyn Hardcastle za ta mutu a gaban jama'a ta hanyar da za ta yi kama da ita ta kashe kanta. Zai rayu wannan rana sau takwas, kowane karo a jikin wani daga mutanen gidan. In ya kawo sunan mai kisan da hujja, a sake shi. In ya gaza, a shafe tunaninsa a soma daga farko. Akwai wasu da ke neman amsar tare da shi, kuma mutum ɗaya kawai za a saki. Bugu da ƙari akwai wani bara mai wuƙa da ke farautar jikunan nasa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne gwanintar marubucin ta fito. Dokokin sihirin kaɗan ne, an faɗe su da wuri, kuma an riƙe su. Ranakun ba a jere suke tafiya ba: idan jikin da Aiden ke ciki ya yi barci ko ya suma kafin tsakar dare, sai ya faɗa wani jikin, ya ci gaba daga inda wancan ya tsaya. Saboda haka mai karatu kan ga abu ɗaya daga fuskoki da dama. Wasiƙar da ta rikita shi a rana ta farko sai ya gan shi da hannunsa yana shirya ta a wata rana ta gaba. Dukan kawo wuƙa da mai zane Gregory Gold ya yi wa shugaban barorin gidan, wanda da fari ya zama kamar hauka tsagwaronta, sai can gaba ya sami gurbinsa a lissafi. Wato sihirin ya zama kayan aikin bincike, yana ƙara wa mai karatu shaidu, ba ya ƙwace masa su. Shi kuwa kisan kansa, da hannun mutane aka yi shi, da bindiga da guba da ƙarya da kwaɗayi, kuma da hankali ake gano shi. Ta haka Turton ya karya lafazin dokar Knox amma ya kiyaye manufarta.

Doki da mahayi

A ganina, abin da ya ɗaga littafin daga wasan lissafi zuwa adabi shi ne dangantakar Aiden da jikunan da yake shiga. Bahaushe yana da hoton da zai auna wannan da shi. A bori ana cewa iska ta hau doki, kuma da zarar ta hau, murya da tafiya da hali duk nata ne, dokin ba ya da ta cewa. Turton ya juya wannan hoto. A wurinsa dokin ne ke rinjayar mahayi, kuma rinjayen na ƙaruwa daga rana zuwa rana. A jikin likita Sebastian Bell, Aiden matsoraci ne. A jikin attajirin banki Ravencourt yana da kaifin basira amma ba ya iya hawa bene sai da taimako. A jikin tsohon lauya Edward Dance har ya kusa mance cewa shi wani ne dabam. A jikin ɗan sanda Jim Rashton ne kawai ya sami idon da aka horar da duban shaida. Mafi muni shi ne Jonathan Derby, matashi mai yi wa mata fyaɗe, wanda Aiden ke jin sha'awarsa na taso masa a ƙirji kamar tasa, yana kokawa da ita.

Duhun littafin yana nan, ba a dajin ko a wuƙar bara ba. Tambayar da ke ƙarƙashin farautar mai kisa ita ce: idan aka raba mutum da tunaninsa na baya da jikinsa da sunansa, me ya rage da za a kira shi? Karatun falsafar marubucin ya yi rana a nan, kuma bai tsaya yi wa mai karatu lacca ba, ya bar tambayar ta fito daga abin da tauraron ke aikatawa.

Sai dai akwai tabo. Yadda aka siffanta ƙibar Ravencourt ya wuce abin da labari ke bukata. An yi ta nanata ƙyamar jikinsa da cinsa da warinsa, shafi bayan shafi, har mai karatu ya soma zargin cewa ƙyamar ta fi ƙarfin Aiden, ta marubucin ce. Masu sharhi da dama sun yi kuka da wannan, kuma ina tare da su. Abin mamaki, an fi tsananta wa mai ƙiba da kalmomi fiye da mai fyaɗe.

Inda igiya ta yi rauni

Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba, don kada in ɓata wa wanda bai karanta ba, amma tarke ba zai yiwu ba sai an taɓa asirin gidan kansa. Littafin yana da kacici-kacici biyu. Na farko, wa ya kashe Evelyn? Na biyu, mene ne Blackheath, kuma me ya kawo Aiden? Na farkon an yi masa adalci. Wanda ya koma baya bayan ya gama zai tarar da alamun a shimfiɗe, ko da yake yawansu da yawan taurari a shafi kimanin 500 kan gajiyar da mutum, har ya riƙa komawa jerin sunayen baƙi da ke farkon littafin.

Na biyun kuwa tatsuniya ce ta sha kansa. Kusa da ƙarshe mai shigar likitan annoba ya buɗe baki ya yi bayani: Blackheath kurkuku ne da ake jefa manyan masu laifi, su yi ta warware wani tsohon kisa har su cancanci fita. Anna ita ce matar da ta azabtar da 'yar'uwar Aiden ta kashe ta, shi kuma da ƙafarsa ya shigo don ya rama, har shekara 30 suka shuɗe ya mance dalilinsa, ya koma yana neman ceton ta. Wannan jigo ne mai nauyi, jigon tuba da yafiya da ko azaba na gyara mutum. Amma an miƙa wa mai karatu shi a baki, cikin 'yan shafuka, ba tare da ya sami wata alama da zai iya hango shi da ita ba. Mun ba da gari, an faɗa mana amsa, amma ba mu ga inda ta zauna a kan tambaya ba. Su wane ne masu kurkukun, a wane zamani suke, da wace hujja suke hukunci, duk an bar su a hazo.

Ba ina cewa dole a bayyana komai ba ne. Labarin tsoro yana rayuwa da abin da aka ɓoye. Matsalar ita ce marubucin ya ɗora hukunci mai girma a kan abin da bai gina ba. Ana so mu yarda Anna ta tuba, alhali ita ma an shafe mata tunani, ba ta san laifinta ba. Shin wanda ya mance zunubinsa ya tuba ke nan? Littafin ya tayar da wannan tambaya, sannan ya yi sauri ya wuce ta domin ya kai taurarinsa bakin ƙofa. Ina zaton jadawalin nan na minti biyu-biyu, wanda ya tsare masa kowace ƙofa da kowane agogo na Blackheath, bai da gurbin da za a rubuta abin da ke wajen gidan, shi ya sa wajen ya fito fayau.

Duk da haka littafin ya ci kyautar Costa ta littafin farko ta 2018, aka buga shi a Amurka da ɗan canjin suna, The 7½ Deaths of Evelyn Hardcastle, saboda kamanninsa da sunan wani littafi da ya riga shi fita. A littafinsa na biyu, The Devil and the Dark Water na 2020, Turton ya koma kan wannan aure ta wata fuskar: jirgin ruwan 'yan kasuwar Holan a 1634, da jita-jitar shaiɗan a cikinsa, inda aikin masu bincike shi ne su tantance ko akwai shaiɗanin ko kuwa mutum ne ya ari rigarsa.