Masu Tayar da Tsohuwar Fijo a Sakkwato

A garejin kanikawa na Sakkwato, ko a J. Allen ko Buzaye, ba a rasa wata tsohuwar Fijo 504 da aka ɗora bisa duwatsu, babu taya, babu inji, ƙura ta rufe gilashi. Mai wucewa zai ce sai ’yan gwangwan. Bakaniken da ya san ta kuwa ƙasa yake fara leƙawa. In tsatsa ba ta cinye ƙashin bayanta ba, to magana ta ƙare, wannan mota za ta sake hawa hanyar Illela. Busasshiyar iskar garin ma tana taimakawa, domin ƙarfe ba ya ruɓewa a nan kamar a bakin teku.

Kada a raina mata asali. A Faransa aka fito da ita a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sannan masana’antar PAN da ta buɗe a Kaduna a 1975 ta yi shekaru tana harhaɗa ta. Wannan motar da muka saba gani shaƙe da fasinja da buhunan albasa, ita ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ’yar’uwarta mai ƙofa biyu da silinda shida ta maimaita a 1978. Saboda haka matashin da ya sayi akwala yana son mayar da ita ta gudu bai yi wauta ba.

Gwanintar tana cikin injin. Silinda huɗu ne, a kishingiɗe gefe guda, kuma masu ƙera shi sun yi wa na baya adalci: ramukan da fistin ke kai-komo a ciki silif ne da ake zarewa a sa sabo. Amma nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Kowane silif dole ya ɗan ɗara fuskar bulok da abin da bai wuce kaurin takarda ba. In ya nutse, gaskit ba zai kama ba, ruwa ya gauraya da baƙin mai, ka buɗe murfi ka ga abu fari-fari kamar kunu. Maigidan gareji zai aza miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya zura siririn ma’auni, ya cire, ya gyara zama, ya sake gwadawa, ba ya gajiya. Yaronsa na gefe yana murza bawul tsakanin tafin hannu da man wasawa, har sai bakin ya yi zobe mai toka-toka babu yankewa. A zuba fetur a ramin a jira. In bai tsiyaye ba, bawul ya zauna. Wajen ɗaure kan inji kuma daga tsakiya ake farawa a yi waje, a hankali, zagaye bayan zagaye, don kan na alminiyam ne, gaggawa tana lanƙwasa shi.

Sai saitin kafireto, wanda babu kwamfutar da ke sa baki. Sukundireba a hannu, kunne a kan inji, yana juyawa kaɗan-kaɗan har silo ya daidaita. Ya zare fulogi ya duba: baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, fari fat, iska ta rinjaya, launin ƙasa-ƙasa shi ake nema.

Kwaskwarimar da ake ƙarawa, zafin gari ne ke tsara ta. Inda Afrilu ke haura digiri 40, lagireto mai kauri da fankar lantarki sun fi fitilu masu walƙiya amfani. Wasu kan ɗauko giya mai biyar ta 505 su ɗaura, don injin ya huta a doguwar hanya, man ma ya ragu, abin da kowa ke lissafi tun da aka janye tallafin mai a 2023. Kayan da aka rasa a gida a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Akwai ɗabi’ar da ban yarda da ita ba: cire tamostat a jefar da sunan maganin zafi. Inji yana da ɗumin da yake so, kuma sanyin hunturu da asuba yana cin ringi. Haka masu huda salansa don unguwa ta san sun iso. Ƙara ce kawai, ba ta ƙara gudu.

Mai fanel-bita ya buga, mai walda ya liƙe, rewaya ya sabunta wayoyi, mai fenti ya rufe. Duk da haka gwani ba ya sakin makulli sai ya ja kunne: kilomita dubun farko a bi a sannu, sannan a dawo a juye baƙin mai, a sake ɗaure kan inji.

Kai da ke shirin shiga wannan harka, fara kashe kuɗinka a birki, sitiyari da taya kafin ka tambayi launin fenti. Kuma in bakanike ya ce ka ba shi wata biyu, kada ka kai wa wanda ya ce mako guda.