Jan Gida Zuwa Bakin Tafkin Tahoe

Da zarar zafi ya shigo a Amurka, babbar hanya mai lamba 50 da ta bi ta Sakaramento zuwa tafkin Tahoe takan cika da motoci masu jan ɗakunan tafi-da-gidanka: tirela mai gado da madafa da banɗaki, ga kekuna a ɗaure. Masu ja ba direbobin haya ba ne, iyalai ne da 'yan fansho da suka fito hutu. Amma gwanin cikinsu ya isa a sara masa.

Tun a ƙofar gida ake gane shi, wajen lodi. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗinta da mota, wato mai kilo 2,500 ta danna wurin da kilo 250 zuwa 375. In ya gaza haka, ana taka wuta za ta fara kaɗa wutsiya. Kekuna kuwa su ne tarko. Bayan tirela ya fi sauƙin rataya, sai dai duk abin da aka rataya can yana rage wa gaba nauyi. Don haka gwani kan loda su a bayan a-kori-kurar da ke jan, ko ya matsar da wasu kaya masu nauyi gaban tayoyi don a yi daidai. Sarƙoƙin tsaro biyu da ke haɗa tirela da mota kuma gicciye su yake yi a ƙarƙashin mahaɗi, ta yadda ko ya ɓalle, su za su tallabe hancin tirela kafin ya caki kwalta.

Dokar Kalifoniya ta kayyade wa mai jan tirela mil 55 a awa, kimanin kilomita 88. Duk da haka iska ko wucewar babbar mota kan sa tirela tangaɗi. A nan zuciya cewa take a danna birki, a murɗa sitiyari. Gwani ba ya yin ko ɗaya. Yakan riƙe sitiyari sak, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya kai hannu ga ɗan makunnin da ke kama birkin tirela kaɗai. Tana ja da baya, sai jerin ya miƙe. Wannan sanyin kai, a ganina, ya fi komai wuyar koya.

Sai tsaunin Echo, mai tsayin kimanin mita 2,250, daga nan gangara ce zuwa tafkin da ke kan mita 1,897. Tun a sama ake sauko da giya, injin ya riƙe nauyi, domin birkin da aka ɗora wa ƙafa tun daga sama zafi zai yi ya daina ci.

Jarrabawar ƙarshe tana sansani, irin Camp Richardson da ke kudancin tafkin: shiga da ribas tsakanin itatuwa, maƙwabta na zaune suna kallo. Tirela a ribas kishiyar sitiyari take bi, kamar yadda kowane direban tanka a Kano zai gaya maka. Dabarar ita ce ka ɗora hannu a ƙasan sitiyari; inda hannun ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Uwargida ko aboki ya tsaya inda madubi ke nuna shi, in ya ɓace a madubi a tsaya cak. Gwani ba ya jin kunyar sauka ya duba da idonsa, ko ya ja gaba ya sake.

Sai an sa wa tayoyi weji ake kwance mahaɗi, sannan a sauke kekuna. Hanyar keke ta Pope-Baldwin ta gaban sansanin ta wuce.