Tukunyar da Ba Ta Komawa Hannun Magini

Bayan magariba a unguwar Chaza ta Suleja, idan an ɗauke wuta kuma sama ta yi garau, ɗaga kanka ka ɗan jira. Za ka ga wani ɗigon haske yana ratsa taurari a natse, ba ya ƙyaftawa irin na fitilar jirgi. Tauraron ɗan'adam ke nan, kuma duk lokacin da na hango shi, hannayen da suka ƙera shi nake tunawa.

Mu mutanen Suleja mun san ginin tukwane, domin a garin nan Ladi Kwali ta yi aiki, wadda hotonta ke bayan naira 20. Magini ya san cewa da zarar tukunya ta shiga wuta, ta fita hannunsa. Tsakuwa ɗaya da ta saura cikin yumɓu ta isa ta fasa ta. Haka maƙerin tauraro yake, sai dai tasa wutar tana can sama, nisan kilomita kusan 700, inda babu bakanike, babu mai ɗaure kusa.

A ranar 17 ga Agusta 2011 aka harba tauraron NigeriaSat-X daga Yasny a Rasha. Injiniyoyin Najeriya 26 na hukumar sararin samaniya ta NASRDA ne suka haɗa shi a kamfanin SSTL da ke Guildford a Ingila, inda suka je koyon sana'ar. Ƙarami ne, amma an ƙera kamararsa ta iya ɗaukar faɗin ƙasa kilomita 600 a wucewa ɗaya.

Ga inda gwanintar take. Ana haɗa tauraro a ɗakin da ƙura ba ta shiga, kowa da farar riga da hula da safar hannu, saboda silin gashi ɗaya na iya ɓata idon kamara. Idan an gama, sai a ɗaure shi a kan wani tebur da ke jijjiga shi iya ƙarfi, kwatankwacin abin da roka za ta yi masa ranar tashi. Duk wata dalma da ba ta kama ba, a nan take tona kanta. Daga nan a rufe shi cikin wani tanki, a zuƙe iskar ciki tas, a gasa shi, a daskarar da shi, a sake, a kuma sake. Dalili shi ne yana zagaya duniya kusan sau 14 a kwana ɗaya, kowane zagaye ya sha rana tsirara, sannan ya faɗa inuwa mai tsananin sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake juyawa. Ba iska a can, ba abin dogarawa, kuma gudunsa ya wuce kilomita 7 a daƙiƙa. Daga Suleja zuwa Kaduna ba ya kai rabin minti. Sai aka sa masa ƙananan ƙafafu masu juyawa a ciki: idan ƙafa ta murza dama, jikin tauraron ya karkata hagu, har kamara ta saita gonar da ake so. Wanda ya lissafa wannan, a jinjina masa.

Da yake tauraro ba ya komawa hannun maƙeri, rundunonin soja na duniya kan fara gwada sabuwar na'ura a ƙaramin tauraro mai araha kafin su zuba dukiya a babba. Jami'o'i ma sun bi sahu: a 2017 aka harba Nigeria EduSat-1, ɗan akwati mai santimita 10 kowane gefe, aikin Jami'ar Fasaha ta Akure tare da wata cibiya a Japan.

Hedikwatar NASRDA tana Lugbe, tafiyar da ake yi a dawo kafin la'asar. Shugabannin makarantunmu na Suleja, don Allah ku nemi izini ku kai ɗalibai su gani da idonsu.